Canjin paliyen kardan a tsohuwar mota: gane ciwon, kwancewa da ɗaurin ƙarshe

Tsohuwar mota mai jan baya, wato wadda tayoyin baya ke tura ta, tana da wata rawa wadda ba ta taya ba ce. Ka sa giya ta farko, ka saki ambiriyaj, sai ka ji ƙarƙashin kujera yana bugawa dum-dum-dum kamar ana daka a gindin motar. Da ta ɗan miƙe, wajen kilomita 30 ko 40, sai bugun ya lafa. Wata kuma ba ta bugu, gurnani take yi daga tsakiya, kana ƙara gudu a kan kwaltar Tsarnawa yana ƙaruwa. Sau da yawa paliyen kardan ne ya gaji. Haka ake kiransa a garajojin Tawa. Wanda yake sayo kaya a Illela ko Sakkwato zai ji ana ce masa santa boris, kardan ɗin kuma farfela. Abu ɗaya ne.

Kardan bututun ƙarfe ne da ke ɗaukar juyi daga buwat, wato akwatin giya, ya kai wa pon na baya, wanda ke raba juyin ga tayoyin baya biyu. Idan mota doguwa ce ba a yin sa guda ɗaya, domin dogon bututu in ya ɗauki gudu sai tsakiyarsa ta fara lilo. Sai a raba shi biyu, a riƙe mahaɗar da rulman, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sandar ke juyi a cikinsa. Rulman ɗin yana zaune cikin roba mai kauri, robar tana cikin baka na ƙarfe, bakan kuma an ɗaure shi a jikin mota da bulon biyu. Wannan tarin duka shi ne paliye. Za ka same shi a Hilux mai gida biyu, da tsofaffin Marsandi irin su 190 da W123 da W124, da BMW jerin 3. Fijo 504 salun daban take: sandarta a cikin wani bututu rufaffe take gudu, rulman ɗin tsakiya yana can ciki, don haka wannan bayani bai shafe ta ba.

Ga lissafin da zai nuna maka wahalar da wannan ɗan rulman yake sha. Tayar da kewayenta ya kai mita 2.2, a gudun kilomita 80 tana juyi kusan sau 600 a minti. Idan rabon pon 4.3 ne, wato kardan ya juya sau 4.3 a kowane juyin taya ɗaya, kardan yana juyi wajen sau 2,600 a minti ke nan. Abin da ke juyi haka, karkatar da ido ba ya gani ta isa ta girgiza mota gaba ɗaya. Shi ya sa wahalar wannan aiki ba a sa sabon rulman take ba. Tana wajen mayar da komai daidai yadda ya fito.

Kafin ka sayi komai

Roba daban take mutuwa, rulman daban. Idan roba ce ta tsage ko ta saki, alamar ita ce rawa da bugu a lokacin tashi, musamman da lodi ko a hawa, domin a nan ne kardan yake ƙoƙarin ture kansa gefe. Idan rulman ne ya bushe, gurnani ko kuka za ka ji, kuma gudun mota yake bi, ba gudun inji ba. Gwajin mai sauƙi ne: a hanya miƙaƙƙiya mara cunkoso, ka kai gudun da ƙarar take fitowa, ka fitar da giya ka bar inji ya sauka. In ƙarar tana nan yadda take, ba daga inji take ba.

Sai dai akwai masu kama da shi, kuma su ne suke sa mutum ya yi asarar kuɗi. Rulman ɗin taya shi ma yana gurnani, amma muryarsa tana canjawa in ka ɗan karkata sitiyari dama ko hagu. Kukan pon yana canjawa tsakanin taka totur da sakinsa. Kurwaziyon, wato gicciyen da ke gwiwar kardan, idan ya ci yana yin ƙwas in ka sa giya ko ka koma da baya, kuma sau da yawa za ka ga jan gari kamar tsatsa a bakin kofunansa. Tayar da ba ta da balas a sitiyari ko a kujera take kaɗawa, kaɗawa mai nauyi da kusan za ka iya ƙirgawa. Ta kardan ta fi sauri, kamar tsuwa take a ƙasan ƙafa da madubin ciki.

Daga nan sai a shiga ƙarƙashi. Giya a waje, tayoyi a tokare, ka kama kardan dab da paliye da hannu biyu ka ɗaga sama, ka ja ƙasa, ka tura gefe. Roba mai lafiya tana ɗan bayarwa ta dawo da kanta. Wadda ta mutu za ka ga sandar tana yawo a ciki, ko ta kwanta a ƙasan bakan, ko ka ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Haska fitila ka buɗa lanƙwasar robar da yatsa, domin tsagewar a cikin lanƙwasa take ɓuya. Duba kuma rufin da ke saman kardan: in ka ga wuri yana ƙyalli kamar an goge shi, sandar ta daɗe tana dukan wurin.

Me ya kashe shi?

Wannan tambaya ita ce ake tsallakewa, shi ya sa mota take dawowa garaji bayan wata biyu da ciwo iri ɗaya. Tsufa da zafi kaɗai suna iya busar da roba, kuma zafin Afrilu da Mayu a Adar ya wuce digiri 40 tun kafin a haɗa da na salansa. Amma in paliye ya mutu da wuri, akwai dalili.

Man buwat da ke yoyo daga bayanta iska tana kwaso shi ta watsa a kan robar, mai kuwa yana kumbura roba ya ruɓar da ita. Silanbulok ɗin inji ko na buwat, wato robar da ke ɗauke da su, in ya zauna, bakin buwat ya sauka, sai kardan ya daina tafiya a layinsa. Kurwaziyon da ya ƙage yana tura sandar gefe sau biyu a kowane juyi, kuma paliye ne yake shanye wannan duka. Masu ɗaukar kaya zuwa Abalak da Cintabaradan sukan ƙara wa motar lam, wato dogayen fallayen ƙarfe da ke ɗauke da nauyinta, a baya don ta ɗauki lodi. Motar ta ɗaga, kusurwar kardan ta ƙaru, roba ta shiga wahala. Ga farantin da ke kare zafin salansa, wanda in ya fara ƙara akan cire shi a yar. Ga ruwan ƙorama da damina a hanyar Keita ko Buza: rulman mai zafi in ya nutse cikin ruwa mai sanyi yana iya zuƙar ruwa da yashi ta bakin marfinsa. Haka ma mai wankin mota in ya saita ruwan matsi kai tsaye a kansa. Duk wanda ka samu a cikin waɗannan, ka gyara shi tare da paliyen.

Kayan da za a saya

Kada ka saya da sunan mota kawai. Hilux iri-iri ce, kuma motocin da suka shigo ta Kwatano ko Lome da yawa an taɓa canja musu kardan da na wata motar. Abu uku ake aunawa: faɗin ramin rulman, tazarar da ke tsakanin ramukan bulon biyu, da tsayin daga tsakiyar rulman zuwa inda bakan yake zama. Na ukun shi ne ake mantawa, kuma shi ne yake sa sanda ta zauna sama ko ƙasa da layinta. Mafi sauƙi ka cire tsohon ka tafi da shi hannu wurin mai kaya.

A wasu motoci, kamar tsofaffin Marsandi, rulman da roba daban-daban ake sayar da su. Lambar rulman tana rubuce a gefensa. Mai lamba 6006 raminsa milimita 30 ne, bayansa 55, kaurinsa 13. Mai lamba 6005 kuwa 25 ne da 47 da 12. A nemi rufaffe gefe biyu da roba, wanda ake rubuta wa 2RS. Mai marfin ƙarfe ba ya hana ƙurar hunturu shiga, buɗaɗɗe kuwa kada ma a fara. Ko da rulman ne kaɗai ya mutu, a canja robar tare, domin kwance kardan sau biyu ya fi kuɗin roba tsada.

Paliye na hannu daga wurin masu fasa motoci yana da ruɗi: ƙarfen na asali ne, amma robar shekarunta ɗaya da wadda ka cire. In dole ne, ka lanƙwasa ta da ƙarfi a rana ka ga ko za ta nuna tsaga. Sabo kuma mai araha ka danna robarsa da babban yatsa. Wadda ta yi tauri kamar katako za ta kai duk girgizar kardan cikin mota, wadda ta yi laushi ainun za ta bar sanda ta yi lilo. Naɗa tsohuwar robar cikin taya a cusa a wurin, dabara ce ta daji da za ta iya kawo ka gari a hankali, amma ba gyara ba ce, don ba ta riƙe sandar a tsakiya.

Ka haɗa da sabon ekuru, wato noti, na tsakiya in motar Toyota ce, domin tsohon an riga an dandatse bakinsa. A Marsandi ka duba robar da ke rufe haƙoran sanda, da falektor na gaba da na baya, wato faifan roba masu bulon shida. Kayan aiki kuwa: kile 12 zuwa 19 masu zobe, dogon hannu, abin zare rulman mai ƙafa biyu ko uku, eto na matse ƙarfe a riƙe shi, guduma, siririn kurfi, filayar sirkilif (ɗan zoben ƙarfe mai maƙalewa a tsaga), guntun bututu, fenti fari, giris, da kilen awon ɗauri. W123 tana buƙatar manyan kile 41 da 46 saboda babban ekurun da ke tsakiyar sandarta.

Ɗaga mota da sa alama

Ramin garaji ya fi komai, domin ɗaurin ƙarshe yana son mota a kan tayoyinta. In babu rami, a ɗaga baya a ɗora a kan shandel, wato ƙafafun ƙarfe na tallafe mota, a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashinsu saboda ƙasar yashi tana nutsewa. Ba a shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita, tubalin siminti kuma yana fashewa ba sallama. A tokare tayoyin gaba, gaba da baya. Ka tuna da wannan: da zarar kardan ya fita, giya ba ta riƙe mota kuma, ko da kuwa otomatik ce a kan P.

Yanzu sai alama, kuma a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. An yi wa kardan balas ne a masana'anta yana haɗe, rabin gaba da rabin baya tare. Ƙananan ƙarafan da ka gani an liƙa a jikin bututun su ne nauyin balas ɗin. Sannan kurwaziyon da ke aiki a karkace ba ya juyi daidai: yana sauri ya lafa sau biyu a kowane zagaye. Kurwaziyon na biyu ne yake soke wannan, amma sai in gwafofinsu suna fuskantar yadda aka tsara su. Ka kuskure haƙori ɗaya ko biyu wajen haɗawa, sai ka fito da mota mai sabon paliye da rawar da ta fi ta da.

Saboda haka a goge wurin da fetur ya bushe, a ja layi da fenti a wuri uku: tsakanin farantin kardan da na pon, tsakanin farantin gaba da na buwat in akwai, da kuma mahaɗar rabi biyun, layi ɗaya da ya ratsa duka ɓangarorin. Alli yana gogewa da hannu mai giris. In za ka yi alamar da tsini da guduma, a kan faranti ko gwafa za ka yi, ban da jikin bututu. Ka kewaye bakan paliyen da fenti a jikin mota don ka san inda yake zaune, domin ramukansa dogaye ne, yana matsawa gaba da baya. Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai: wace fuska ce ta kalli gaba, ina ramin zubar ruwa yake, wane marfin ƙura ne a gaba.

Sauke kardan

In salansa ko farantin zafi ya tare hanya, a sauke su tukuna. Sai a ja birkin hannu a kwance bulon biyu da hannu ya kai gare su a farantin pon, a saki birki a juya sanda, a sake ja a kwance sauran. A Hilux guda huɗu ne, kan 14. Kile mai zobe za ka sa, mai buɗaɗɗen baki yana cinye kansu. In faranti ya manne da tsatsa, a ɗan buga gefensa da gudumar roba. Kada a cusa kurfi tsakanin fuskokin biyu, domin duk ƙwarzanen da ya tashi zai hana su zama daidai.

A Marsandi mai babban ekuru, a sassauta shi kamar zagaye biyu kawai don sandar ta iya tsukewa, sannan a kwance bulon uku na kowane falektor, a tura sandar ta fita daga kan ƙaramin sandan da ke saita ta a tsakiya.

Bulon biyu na paliye su ne na ƙarshe, kuma sai da mutum na biyu yana tallafe da sandar. Idan rondel, wato siririn faifan ƙarfe mai huda, ko wani ɗan ƙarfe ya faɗo daga tsakanin baka da jikin mota, a tsince shi a san gefen da ya fito, domin shi ne yake daidaita tsayin. Kada a bar rabin kardan yana reto a kan gwiwarsa, yana lalata kurwaziyon. A motar da bakin kardan yake zarewa daga cikin buwat, mai zai biyo baya: a tara kwano, a toshe bakin da leda da roba, a kuma naɗe bakin da aka zaro da tsumma mai tsabta, domin wurin da yake gogar roba mai hana yoyo ke nan.

Raba sandar

A kama kardan a eto ta wajen gwafa ko faranti. Bututun siriri ne, in eto ya matse shi ya lotsa, kardan ya tashi aiki.

A Hilux, bayan an raba rabi biyun a farantin tsakiya, za ka ga ekuru a cikin farantin an dandatsa bakinsa cikin wata tsaga. A ɗaga dandatsin da siririn kurfi, a riƙe farantin, a kwance ekurun. Kafin a zare farantin a sake yin alama tsakaninsa da kan sandar, domin shi ma a kan haƙora yake. A zare shi da abin zarewa, sai paliye ya biyo. A Marsandi rabin gaba zarewa yake daga haƙora, rulman yana kan wuyan rabin baya, wasu da sirkilif da marfin ƙura a gabansa. A wasu BMW bulon guda ne a cikin gwafar tsakiya yake haɗe rabi biyun.

Idan rulman ya ƙi fita, a yanke robar da wuƙa a cire bakan, don ƙafafun abin zarewa su kama rulman ɗin kansa. A sa ɗan ƙarfe ko tsohon ekuru a kan sandar don kada tsinin ya ɓata zaren. In zoben ciki kaɗai ya rage a manne, a ɗan tsaga shi da injin yanka ba tare da an kai ga sanda ba, a sa kurfi a tsagar a buga, zai buɗe. Wutar walda ba ta da wuri a nan: tana ƙona giris ɗin kurwaziyon da ke kusa.

Jera duk abin da ya fito a kan tsumma bi da bi, kowanne da fuskar da ya kalla.

Tun da sandar tana ƙasa, a duba ta. Kowane kurwaziyon a lanƙwasa shi ta fuska biyun: ya tafi sumul, ba sarƙewa, ba wasa. Wanda yake tsayawa a tsakiya kamar ya faɗa rami ya ci, kuma shi ne zai kashe sabon paliyen. A nemi gurbin da nauyin balas ya ɓalle, za ka ga tabon walda babu ƙarfen. A kankare busasshen laka. A duba lotsawar dutse. Littafin Toyota na tsofaffin Hilux bai yarda karkatar bututu ta wuce milimita 0.8 ba, don haka wanda idonka ya ga ya tanƙware ya riga ya wuce gyaran paliye. Wuyan da rulman yake zama shi ma a duba: in sabon rulman ya shige da hannu yana kwance-kwance, wuyan ya ci, zoben zai riƙa juyi a kansa. Tsattsaga wuyan da tsini don ya kama ba ya daɗewa. Sai mai injin tur ya cike ya sassaƙe, ko a nemi wani rabin.

Sa sabon

A goge wuyan da takardar yashi mai laushi, a shafa ɗan mai. A mayar da marfin ƙura na baya tukuna, shi ne wanda ake mantawa sai an gama a gan shi a kan tsumma. A duba hoto a tabbatar da fuskar paliyen.

Ƙa'idar bugun rulman guda ce: ƙarfi yana bi ta zoben da ake shigarwa. Za a sa shi a kan sanda, to zoben ciki kaɗai za a tura. A nemi guntun bututu da bakinsa ya zauna a kan zoben ciki daidai, bai taɓa marfin roba ba, a buga a hankali a miƙe har sai sautin ya canja, alamar ya kai maƙura. Injin matsi ya fi guduma in akwai. Wanda ya buga ta zoben waje ko ta baka, ƙwallayen suna lotsa hanyarsu, rulman ya fara gurnani tun ranar farko, a ce kayan ne jabu. In rulman ɗin daban ne da roba, lokacin shigar da shi cikin gidan robar zoben waje ake turawa. Ajiye rulman a rana na ɗan lokaci, sanda kuma a inuwa, yana sauƙaƙa shigarsa. Ranar Tawa ta wadatar, ba sai an kai shi wuta ba.

A shafa giris kaɗan a haƙora, a haɗa bisa alama. A tsofaffin Hilux littafin ya ce a ɗaure sabon ekurun zuwa Nm 181 (Nm awon ƙarfin ɗauri ne a kan kilen awo) don ya tura rulman ya zauna, a sassauta, a sake ɗaurewa zuwa Nm 69, sannan a dandatsa bakinsa cikin tsagar. Wasu samfurin lambarsu ta ɗan bambanta, don haka a bi ta motar da ke gabanka. Dalilin sassautawar shi ne ɗaurin farko na zaunarwa ne kawai. Bayan haka a juya paliyen da hannu: ya juya shiru, da ɗan nauyin giris, marfin ƙura bai goga ko'ina ba.

Mayarwa da ɗaurin ƙarshe

A fara da gaba, sannan a ɗaga tsakiya a sa bulon biyu na paliye da rondel ɗinsu, a bar su sako-sako yadda bakan zai iya motsi. A haɗa farantin pon bisa alama, fuskokin a goge tas. A ɗaure bulon ɗin faranti a gicciye. A tsohuwar Hilux Nm 74 ne. Bulon ɗin faranti na musamman ne, masu ƙarfi da wuya santsi. Kada a maye gurbinsu da na kasuwa, kuma kada a sa ɗaya dogo ɗaya gajere, bambancin nauyin yana taɓa balas.

Paliye ba a ɗaure shi mota tana rataye. A sauke ta a kan tayoyinta, babu lodi, a tura ta gaba da baya 'yan mitoci don sandar ta nemi tsayinta. Sannan a duba abu biyu: bakan ya tsaya a gicciye daidai da sandar, bai karkata ba, kuma rulman yana tsakiyar baka, robar ba ta jawu gaba ko baya ba. Ramin zubar ruwa ya kalli ƙasa. A Hilux bulon ɗin nan Nm 36 ne kawai, ba sa son dogon hannu, kuma in zaren da ke jikin mota ya tsinke an shiga wani aikin. A W123 bayan turawar ne ake ɗaure babban ekurun, tsakanin Nm 30 da 40, domin haƙoran suna buƙatar su iya ɗan zamewa. BMW irin E30 da E36 tasu ƙa'idar daban ce: ana tura paliyen gaba milimita 4 zuwa 6 daga inda ya zauna da kansa, sannan a ɗaure.

A mayar da farantin zafi da salansa. A cika man buwat in ya zuba. In kurwaziyon suna da kan giris a ba su har sabon ya ɓullo ta kofuna huɗun. In ɗaya ya ƙi fitarwa, hanyarsa ta toshe. Wurin zamewar sanda kuwa giris kaɗan ya isa, domin in aka cika shi taf sai ya ƙi tsukewa, ya riƙa tura paliye da buwat duk lokacin da mota ta faɗa rami.

In rawa ta rage

A gwada motar a tashi da giya ta farko, sannan a bi gudu a hankali har 80 ko 90. Rawar da ta fito bayan aiki wadda babu ita da, kusan kullum alama ce aka kuskure, sai a sauke a duba gwafofi. In alamun sun ɓace gaba ɗaya, a yawancin sanduna gwafofin da ke kan bututu ɗaya a layi ɗaya suke, a fara da wannan. Rawa a lokacin tashi kaɗai tana nuna tsayi ko kusurwa: rondel da aka manta, paliye mai tsayin da ba nasa ba, silanbulok da ya zauna, ko lam da aka ƙara. Rawar da ke ƙaruwa da gudu ta balas ce ko karkata. Kwance farantin pon a juya shi rabin zagaye a sake ɗaurewa wani lokaci yana rage ta. Gurnani daga sabon paliye kuwa ko an buge shi ta zoben waje, ko marfin ƙura yana goga, ko kuma tun farko ƙarar ta pon ce.

Bayan tafiyar gwaji a taɓa bakan da bayan hannu, a kula da salansa. Ɗumi ba laifi ba ne, amma wanda hannu ba ya iya tsayawa a kai yana nuna rulman a matse yake ko a karkace. Idan motar ta yi zuwa Ƙonni da dawowa, ko ta yi yini guda a hanyar jar ƙasa, a sake shiga ƙarƙashi da kile a bi bulon ɗin faranti da na paliye ɗaya bayan ɗaya, a haska robar a ga ko tana zaune a tsakiya yadda aka bar ta.